Sabuwar ɗaliba a kwaya da kwamitin mujalla: tambayoyi da amsoshi daga Zuru

Cikin wata guda ɗiyar ƙanwata ta sami abu uku: gurbin karatu a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, wurin zama a kwaya, wato bencin mawaƙan majami'a, da suna a kwamitin mujallar zumuntar ɗalibai. Na farkon da addu'a ta nema, na biyun da jin kunya, na ukun kuwa ɗora mata aka yi don an lura tana sa ƙugiya idan tana rubuta Hausa a waya. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Da na ga tambayoyinta su ne dai waɗanda yara ke kawo mini kowace shekara, sai na ce bari in tara su wuri ɗaya. Na daɗe ina koyar da mawaƙa, na kuma sha zirga-zirga tsakanina da masu buga takardu. Inda na ce "ki", samari ku ɗauka har da ku.

Kawu, ban iya karanta alamomin waƙa ba. Za su karɓe ni a kwaya?

Za su karɓe ki, 'yata. Yawancin waɗanda kike gani a benci da kunne suka koya. Amma kada ki tsaya nan. Ki koyi solfa, wato do re mi fa so la ti, domin da ita ake rubuta waƙa a allo a yawancin majami'unmu. A Ingila aka tsara ta a ƙarni na 19. Wata malama mai suna Sarah Glover ce ta fara, wani fasto John Curwen ya gyara ya yaɗa ta, daga baya 'yan mishan suka shigo mana da ita. An yi ta ne musamman don talakawan da ba su je makarantar kiɗa ba, shi ya sa ba ta da wuya. Haruffa bakwai ne: d r m f s l t. Ɗan alama a saman harafi na nufin ki hau, a ƙasansa ki sauka. Ɗigo biyu da tsayayyen layi suna raba bugu, karan ɗori kuma yana cewa ki ja muryar da kike kai. Ki ɗauki waƙar da kika riga kika haddace tun makarantar Lahadi, ki nemi solfarta, ki riƙa bi da yatsa. Ta haka ido ke koyon abin da kunne ya riga ya sani.

Wace murya zan shiga?

Wadda malamin waƙa ya sa ki, bayan ya gwada ki. Huɗu ne: suprano da alto na mata, tena da bas na maza. Kowace yarinya suprano take so don nan karin waƙar yake, shi ya sa kullum alto ke ƙaranci. Idan aka ce alto, ki gode. Mai alto ta fi saurin iya solfa, tunda ba ta da damar fakewa a bayan abin da jama'a ke rerawa.

Me ya sa waƙoƙin littafi ke yi mini nauyi a baki, amma na Zumuntar Mata ba na ko tunani nake bi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, kuma da za ki riƙe amsarta kaɗai da kin fi mawaƙa da yawa.

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo kuwa, ja da rashin jan wasalin farko ne bambancinsu. To, yawancin waƙoƙin da ke Littafin Waƙoƙi a Turai da Amurka aka tsara karinsu, don kalmomin Turanci, sannan aka zuba Hausa a ciki. Masu fassarar sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu, amma ba ko'ina ƙafa ta dace da takalmi ba. Sai ki ji karin ya ja gaɓar da Bahaushe ba ya ja, ko ya hau inda magana ke sauka. Nauyin da kike ji ke nan. Ba laifin bakinki ba ne.

Su kuwa iyayenmu mata, daga magana suke fara waƙa. Mai bayarwa ta faɗi jimla yadda za ta faɗe ta a bakin rijiya, karin ya bi hawa da saukar kalmomin, 'yan amshi su karɓa, tulu da caki su riƙe bugu. Sau da yawa sauti biyar kawai suke taɓawa, do re mi so la, ba fa ba ti. Babu wadda ta riƙe takarda, amma tsohuwar da ke bencin ƙarshe ta ji kowace kalma.

Ba ina cewa a ajiye littafin ba ne. Akwai koyarwa mai zurfi a cikinsa, kuma da shi aka binne kakanninmu. Abin da nake so shi ne, kafin ki rera baiti, ki karanta shi da baki kamar wasiƙa. Inda karin zai juya ma'anar kalma, ki furta baƙaƙen da kyau, ki rage jan. Ranar da kuma kika tashi tsara taki waƙar, kalmomi tukuna, kari daga baya. Manzo Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi ta da fahimta. Yana cikin 1 Korantiyawa 14:15.

Baba, ni kibod nake so. Na iya muryar C, saura kuma ina danna maɓallin sauya murya. Akwai matsala?

Akwai, ɗana, sai dai ba za ka gan ta ba sai ranar da wata uwa ta tashi ba da shaida ta ɗauko waƙa a inda muryarta ta ga dama. Kai kana lalube da maɓalli, ita ta kai baiti na biyu. Muryoyin kibod goma sha biyu ne. Ba na cewa ka iya su duka a zangon farko, amma ka ƙara F da G a kan C ɗinka, sannan ka riƙa ƙara ɗaya duk wata. Haɗin sauti na ɗaya, na huɗu da na biyar zai ɗauke maka akasarin waƙoƙinmu. Ka kuma rage ƙara. Aikinka tallafa wa murya, ba gasa da ita ba.

Kayan kuma na ikilisiya ne, da baikon mutane aka saya. Ka rufe shi da zane lokacin hunturu, kada ka bar shi jikin taga a zafin Maris da Afrilu, kuma kada ka jona shi kai tsaye da janareto ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Na taɓa ganin Yamaha sabuwa fil ta yi hayaƙi ana saura kwana uku Kirsimeti.

Za mu iya yin waƙa da C'lela, harshen Dakarkari, ko sai Hausa da Turanci?

Ku yi. Tun shekarun 1920 da 'yan mishan ɗin da suka haifi ikilisiyar UMCA suka zauna a ƙasar Zuru, Hausa ce ta zama harshen sujada, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Dalilin a fili yake: ita ce ke haɗa Badakkare da Bakambare da Baduke da baƙon da aiki ya kawo. Amma duk wanda ya ga yadda fuskar tsofaffi ke canzawa idan aka ɗauko waƙa da harshen gida ya san akwai inda Hausa ba ta kaiwa. Sharaɗi biyu ne. Ku faɗi ma'anar a taƙaice kafin ku fara, don kada baƙo ya zama ɗan kallo. Idan kuma karin daga waƙar bikin gargajiya na Uhola ko ta golmo, wato noman neman aure, kuka aro, ku fara kai wa dattawa su ji. Sun san abin da karin ke tunawa da mutane, ku ba ku sani ba.

Ana biyan mawaƙa?

Mai rerawa a benci, a'a. Mai kibod ko mai ganga, ya danganta da majami'a. Wata tana ba da ɗan kuɗin mota ko na sabulu, wata ba ta bayarwa. Biki da jana'iza na wani gida daban kuwa, ku yi magana tun kafin ranar, ba kunya. Littafi ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Abin da ba na so shi ne yaro ya riƙa tsalle daga wannan majami'a zuwa waccan duk Lahadi yana bin ambulan.

An sa ni a kwamitin mujalla, ban taɓa yi ba. Daga ina ake farawa?

Ba daga bango ba. Kowane sabon kwamiti yakan ɓata mako uku yana gardama a kan launin bango da hoton shugaba, alhali ko shafi ɗaya babu a hannu. Ku zauna ku amsa abu uku: wa zai karanta, yaushe za ta fito, nawa ke aljihu. Daga nan ku ɗauki ranar fitowa ku ƙirga baya: mako biyu na maɗaba'a, mako ɗaya na gyaran ƙarshe, mako biyu na tsara shafuka. Ranar da kuka faɗa a kai ita ce ranar rufe karɓar rubutu. Ku sanar da wadda ta riga ta da mako guda, don na rantse miki rubutun manya ba ya zuwa a kan lokaci.

Ki kuma san cewa ba ku kuka fara ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma da ita mutanen Arewa da yawa suka saba da karatun boko. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara mujallar African Challenge a Legas a 1951, daga baya aikin ya koma hannun ikilisiyar ECWA a Jos da sunan Today's Challenge. Ita kanta FCS, zumuntar ɗalibai Kirista da kike halarta, a Gindiri aka kafa ta a 1957. Idan kin sami tsofaffin kwafin irin waɗannan a akwatin wani fasto mai ritaya, ki roƙa ki duba yadda suke gajarta labari.

Me za mu zuba a ciki?

Abin da ba a samu a intanet. Wa'azin da aka kwafo daga waya kowa na da shi. Amma hirar dattijon da ya taka daga ƙauye zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tungan Magajiya da akwati a ka, wannan ba mai ita sai ku, kuma idan ya rasu ta tafi. Ku je da waya ku naɗi muryarsa. Ku sa waƙa ɗaya da mawaƙanku suka tsara, da solfarta, don wata majami'a ta koya. Tunda ɗaliban noma ne ku, ku rubuta shafi a kan ajiyar dawa da wake ba tare da zuba musu guba ba. Iyayenku za su karanta wannan kafin saƙon shugaba.

Da gaske ƙugiya tana da muhimmanci haka? Ai kowa na gane abin da ake nufi.

Zauna in ba ki labari. Wata shekara muka kai aikinmu wani shagon buga takardu a wani gari, ba zan faɗi suna ba. Akwai hoton mawaƙanmu cikin anko, su talatin da wani abu, a ƙasa na rubuta "'Yan kwaya a ranar godiya". Yaron da ke kan kwamfuta Bahaushe ne mai son gyara. Bai san kalmar ba, ya ɗauka na manta ne, ya taimake ni da ƙugiya. Ni kuma ina sauri in kama motar Zuru kafin la'asar, ban duba gwajin ƙarshe ba. Kwafi ɗari uku suka iso da "'Yan ƙwaya a ranar godiya", ga matar fasto a tsakiyar layin gaba tana murmushi. Da biro muka kwana muna gogewa. Har yau akwai dattijon da in ya gan ni sai ya tambaye ni lafiyar 'yan ƙwayata.

Yawanci ma akasin haka ke faruwa, ƙugiyar ce ke zubewa. Baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Haruffan huɗu ne, ɓ ɗ ƙ da 'y, kuma ba kowane salon rubutu na kwamfuta ke ɗauke da su ba. Inda babu, sai ki ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin harafin. Masu shagunanmu da manhajar tsara shafi ta CorelDraw suke aiki. Ki ce su gwada miki jimla mai ƙugiya tun ranar farko, ki kuma karɓi aikin a PDF ki karanta a takarda, ba a fuskar waya ba. Mutum biyu su karanta, ɗaya da babbar murya. Wanda ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa.

Kin ga ashe aikin nan biyu da aka ba ki ɗaya ne. A benci kina tsare kalma kada kari ya murɗe ta, a tebur kina tsare ta kada na'ura ta cinye mata ƙugiya.

Shafi nawa, kwafi nawa?

Shafuka su zama masu rabuwa da huɗu: 16, 20, 24. Takarda ɗaya ta A3 idan aka naɗe ta biyu shafi huɗu na A4 take bayarwa, don haka babu mujalla mai shafi 18 sai da farar takarda a ƙarshe. Fitowar farko 16 ta isa. Bango mai launi, ciki baƙi da fari, kuɗin zai sauko sosai.

Kwafi kaɗan, injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ya fi araha. Kwafi masu yawa, injin faranti ya fi, domin kuɗin farantin sau ɗaya ake biya. Ku tambayi farashi a wuri uku, har da Sakkwato ko Kaduna, ku haɗa da kuɗin mota kafin ku ce can ya fi sauƙi. Hoto kuma kada a turo ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi ya fito dishi-dishi. A turo shi a matsayin fayil.

Kuɗin fa?

Tallan masu shaguna, saƙonnin fatan alheri, da ranar ƙaddamarwa. Shawarata ɗaya ce: kada ku buga da bashi kuna dogara da alkawarin ranar ƙaddamarwa. Wanda ya yi shelar kuɗi a lasifika ba lallai ya amsa waya ranar Litinin ba. Mutum biyu su sa hannu a kan kowace naira, a karanta lissafi gaban zumunta. Ke edita kada ki riƙe kuɗi ko da an roƙe ki.

Sai mun yi rajista? Kuma za mu iya buga waƙar wani?

Ƙaramar mujallar da za ta tsaya cikin zumunta, izinin hukumar makaranta da na shugabanninku shi ne na farko. Idan kuna nufin ta riƙa fitowa a kai a kai, ku nemi lambar shaidar mujalla da ake kira ISSN, mai alƙaluma takwas, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Doka ta kuma ce mai bugawa ya ajiye kwafi uku a can.

Waƙar wani kuwa dukiyarsa ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutu da waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Tsofaffin waƙoƙin Turawa na ƙarni na 19 sun fita daga wannan, amma fassararsu ta Hausa tana iya zama da mai ita. Rerawa a sujada daban, bugawa a sayar daban. Ku nemi izini, ku rubuta sunan mai waƙa. Akasarinsu murna za su yi.

Akwai abin da bai kamata mu buga ba?

Akwai, kuma a nan ba na wasa. Kin san halin da ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba suka shiga da 'yan bindiga. Wanda Allah Ya kuɓutar zai so ya ba da shaida, kuma shaidar tana ƙarfafa mutane. Amma kada ku sa sunan ƙauye, ko yawan kuɗin fansa, ko wanda ya kai, ko wanda ya tara. Kada ku buga rana da hanyar da mawaƙa za su bi zuwa taro. Takarda tana zuwa inda ba ki aike ta ba, har ƙosai ake naɗewa da ita a tasha. Hoton yaro sai da yardar iyayensa.

Na biyu, a ƙasar Zuru gida ɗaya za ki sami Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya, tukunya ɗaya suke ci. Abokiyar ɗakinki Musulma za ta ɗauki mujallar ta duba. Ku faɗi bangaskiyarku sarai, ba ɓoye-ɓoye, amma duk jimlar da ba za ki iya karanta wa gwaggonki mai salla a gabanta ba, ki cire ta.

Fasto ya ce a cire wani rubutu, ni kuma ina ganin gaskiya ne.

Ki je ki same shi ke kaɗai, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Baba, ina so in fahimta." Sau da yawa ya san wani abu a bayan maganar da ke ba ki sani ba. Wani lokaci kuma tsoro ne kawai, kuma sauya jimla biyu na iya ceton rubutun. Idan ya tsaya a kan bakansa, mujallar ta zumunta ce, ba taki ba. Ki cire, ki adana rubutun. Amma kada ki yarda a sa sunan marubuci a kan abin da aka juya masa ba da saninsa ba.

Zan iya riƙe duka biyun ga karatu?

Za ki iya, idan kin san kalandarki. Kwaya tana cin yamma biyu a mako da safiyar Lahadi, tana ninkawa gab da Ista da Kirsimeti. Mujalla takan yi barci wata da watanni, sannan ta cinye mako uku ɗungurungum. Kada ki bari makonnin nan su faɗa kan jarrabawa. Ki gaya wa malamin waƙa tun da wuri cewa mako biyu kafin jarrabawa ba zai gan ki ba. Zai ɓata rai, zai huce. Uwarki buhun dawa ta sayar ta biya kuɗin makaranta, ba don ki dawo mata da mujalla ba.

Akwai abinci a wannan hanya nan gaba?

Akwai, ko da yake ba kowa zai ci da waƙa kaɗai ba. Mai son zurfafawa, Jami'ar Najeriya ta Nsukka tana da tsohon sashen kiɗa, makarantar tauhidi ta Baptis a Ogbomosho tana koyar da kiɗan ikilisiya, ƙungiyar kiɗa ta MUSON a Legas kuma tana shirya jarrabawar kiɗa mataki-mataki. Ta fannin rubutu, wanda ya iya tace Hausa da tsara shafi ba ya rasa aiki: gidajen rediyo, masu fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harsunanmu, ƙungiyoyin lafiya da na noma masu buga takardun wayar da kai. Ki adana kowane kwafi mai sunanki, shi za ki nuna.

Mun buga, an raba, saura kwafi arba'in. Me za mu yi da su?

Biyu ɗakin karatun makaranta, biyu ofishin majami'a, ɗaya ga kowane dattijon da kuka yi hira da shi, ki kai da hannunki. Biyar ki ba wa kwamitin baɗi tare da fayil ɗin kwamfuta da lambar mai shagon. PDF ɗin ku sake shi a WhatsApp bayan wata guda, don 'yan'uwa da ke Kaduna da Abuja su gani. Sauran ki sa a leda ki ɗora kan kabad. Ni a kwali na ajiye fitowarmu ta farko, a ƙasa, jikin bango. Da damina ta wuce na buɗe, gara ta bar mini ƙusoshin ɗinki ne kawai da rabin fuskar shugaban matasa.